Ni Ne Idonsa a Ɗakin Harsashi

Shekara shida na yi ina aiki a wani kulob na harbi a bayan garin Riyad, kuma abin da na fi sharewa a rayuwata shi ne kwanson harsashi. Masu kuɗi su zo da yamma, su sa abin toshe kunne, su yi ta ɓarin wuta a kan takarda mai zanen da'ira, su tafi suna dariya. Ni kuma in bi bayansu da tsintsiya mai dogon hannu ina tara kwanson tagullar da ƙananan bindigoginsu suka tofar. A gida malamin firamare ne ni, shekara goma sha ɗaya ina riƙe da alli. Na zo ƙasar nan da bizar direba, amma titunan unguwar Ulaya suka nuna mini iyakata cikin sati biyu. Da ba don Baba ba, da tun lokacin an ɗaure mini kayana.

Baba aminin mahaifina ne, maƙerin garinmu. Shi ya ƙera mini fartanyata ta farko, 'yar ƙarama daidai hannun yaro, kuma ranar da aka binne mahaifina shi ya fara sauka cikin kabarin. Ya riga ni zuwa Riyad da shekara huɗu. Da ya ji na rasa aikin tuƙi, ya je ya tsaya a gaban mudir, wato manajan kulob ɗin, da Larabcinsa na kame-kame, har aka mayar da iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, hannunsu. Muka zauna ɗaki ɗaya a unguwar Badi'a, motar kamfani tana ɗaukarmu da safe. Bai taɓa kirana da sunana ba. Malam yake ce mini, kuma yana jan kalmar yadda kowa zai gane cewa malamin nan tsintsiya ce a hannunsa.

Kulob ɗin yana sayar da sabon harsashi ga mai so, amma na masu koyo da na atisaye a nan ake sake cika shi, da takardar izinin hukuma a manne a bango. Can baya akwai wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe da sanyin na'ura, mutum biyu kawai aka yarda su shiga. Nan ne masarautar Baba. Ni nake kawo kwanson da na share, in wanke, in shanya, in ware masu tsagewa. Shi kuma yana zaune a gaban wani inji mai hannu, yana gyara wa kowane kwanso siffarsa, ya sa masa sabon abin tayar da wuta a gindi, ya zuba albarushi, sannan ya ɗora kan harsashin ya matse.

Kan harsashin da mudir yake saya darma ce a ciki, an yi mata riga ta jan ƙarfe, siririya kamar ɓawon albasa. Yana da araha, kuma ba ya cika ɗakin harbi da hayaƙin darma, shi ya sa mudir yake ji da shi. Amma yana da tsirfa. In bakin kwanso bai buɗu sosai ba, sai ya kankare rigar. In aka matse da ƙarfi, sai ta yanke. Baba yakan ce, "Wannan ɗan masu kuɗi ne, Malam. Ka matse shi ya yi kuka, ka sake shi ya lalace." Kowane ɗaya in ya fito daga inji sai ya shafa shi da babban yatsansa, kuma ko ƙwarzanen da ido bai gani ba yatsan nan zai ji shi, ya jefa shi cikin gwangwanin marasa kyau. Na sha gwada shi. In ɗauko wanda ya jefar in juya shi a ƙarƙashin fitila, sai can da ƙyar in hango ɗan layin.

Akwai mataki ɗaya da ba ya wasa da shi. In ya zuba albarushi, sai ya jera kwanso hamsin a wani faranti mai ramuka, ya karkata shi a ƙarƙashin fitila, ya leƙa cikin kowanne, layi-layi, bakinsa yana motsi. Ranar farko ya yi mini bayani a tsaye, ba dariya. In aka zuba sau biyu a kwanso ɗaya, bindiga za ta fashe a hannun mai ita. In kuma aka tsallake ɗaya ba a zuba ba, kan harsashin zai ɗan tafi ya maƙale a cikin bututun, harbi na biyu ya zo ya same shi a hanya. Ya ce, "Komai na aikin nan hannu yana yinsa ko a cikin duhu. Wannan kaɗai sai ido. Yatsa ba ya shiga kwanso."

Ran Juma'a mukan sauka unguwar Batha bayan masallaci, mu ci abinci a wurin wasu 'yan gida, mu zauna shan shayi ana hayaniyar masu aika kuɗi da masu kiran fasinja. A irin wannan zama ne, a shekarata ta biyu, ya gaya mini abin da ya fito da shi daga gida. Ni a da na ɗauka neman abinci ne kamar kowa. Gidansu tun kaka da kakanni su ne ke ƙera wa maharba bindiga, su gyara musu in ta ƙi tashi. Da mutanen daji suka fara addabar yankinmu, wata rana da hantsi wasu mutum uku suka shigo maƙerarsa da wani abu a naɗe cikin buhu. Ba bindigar maharba ba ce. Suka ajiye a gabansa suka zauna, ɗaya yana wasa da awartakinsa yana tambayar lafiyar 'ya'yansa mata, yana kiran sunan kowacce. Ya gyara musu. Kwana tara bayan haka aka shiga wani ƙauye a arewa da mu, aka kwashe gawawwaki a amalanke.

Ya ce, "Ban sani ba ko tana cikin waɗanda suka yi aikin. Ban sani ba, Malam, kuma ba wanda zan tambaya." Ya rufe maƙerar, ya sayar da zugazugi da uwar maƙera, ya nemi biza. Matarsa ta ƙi barin gidan, ta ce a nan za a ɗauki gawarta. Shi kuwa ko wace kasuwa ya shiga a yankinmu an san fuskarsa, an san abin da hannunsa ya iya. Ya ce muddin yana numfashi a garin nan za su dawo, don haka zai zauna a Riyad har ƙarfinsa ya ƙare, inda harsashinsa ba ya huda komai sai takarda. Daga ranar na gane cewa iƙamar Baba ba irin tawa ba ce. Ni in aka kore ni na koma talauci, shi in aka kore shi ya koma hannun mutanen nan.

A shekarata ta huɗu idonsa ya fara. Na farko da na lura, ya zuba shayi a gefen kofi, ya ce teburin ne ya karkace. Bayan nan wata safiya muna shiga ya ɗaga hannu ya yi wa doguwar firjin ruwa sallama, ya ɗauka mudir ne a cikin farar jallabiya. Na yi dariya har na dafa bango, shi ma ya taya ni, ya ce ai firjin ta fi mudir sakin fuska. Amma da muka fito rana na dubi idonsa sosai, sai na ga wani fari-fari yana kwance a tsakiyar baƙin. Yanar ido ce, na san ta, ita ta rufe idon kakata. Nan take na daina dariya.

Na ci gaba da kallonsa ta gefe. Yana karkata farantin yadda ya saba, bakinsa yana motsi, amma yana kai fuskarsa kusa har hancinsa yana neman taɓa kwanson, kuma yana daɗewa. Wata rana ya ajiye farantin ya ce, "Malam, kai da ka yi boko, zo ka koyi leƙe mana. Ko so kake ka mutu da tsintsiya a hannu?" Na ce to, Baba. Na karɓi farantin na leƙa, na ce duk hamsin daidai. Ya ce, "Na gani ai, gwada ka nake yi." Daga ranar kowane faranti sai ya miƙo mini, da sunan yana koya mini aiki. Shekara ɗaya da rabi muna haka. Ya san na sani, na san ya san na sani, kuma ba wanda ya taɓa furta kalmar a tsakaninmu.

Sau ɗaya na gwada. Muna cikin motar kamfani na ce, "Baba, an ce akwai wani asibitin ido a hanyar nan, aikinsu na da kyau." Ya juyo ya dube ni da idon nan masu hazo ya ce, "Wa ya ce maka idon wani na ciwo?" Na ce babu. Na san abin da yake tsoro. Katin asibitinmu ta ofis yake bi, in ya je mudir zai ji. Ga shi ya haura sittin, duk shekara da addu'a ake sabunta masa iƙama. A tunaninmu na baƙi, ma'aikacin da aka ji yana da lalura tikitin jirgi ake yanka masa, mun ga an yi wa wasu a wasu wuraren. Don haka muka yi abin da muka iya, muka rufa wa juna asiri. A lokacin ina ganin kirki nake yi, har ina jin daɗin kaina.

Mutum na uku da ya shiga wannan labari wani Basudane ne, mai koyar da harbi. Dogo ne, baƙi wuluk, mai dariya da dukan jikinsa. Kullum da hantsi yakan ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfen ya miƙo mana shayi mai kirfa, ya ce wa Baba, "Ya hajj, yaya 'ya'yanka yau?" yana nufin harsasan. Al'adarsa ce duk sabon kwalin da ya fito daga ɗakinmu shi zai fara harba 'yan kaɗan kafin a ba masu koyo. Ya sha faɗa a gaban mutane cewa harsashin tsohon nan ya fi na kamfani, shekara da shekaru ko ɗaya bai taɓa ba shi kunya ba. In ya faɗi haka Baba yakan sunkuyar da kai yana murmushi, ni kuma in ji kamar da ni ake.

Wata ranar Laraba aka ce in bi direba zuwa babban ofis a Ulaya, ana son sa hannuna a kan takardun sabunta iƙama. A satin akwai gasa, mudir yana son kwali shida kafin Alhamis. Kafin in fita na ce, "Baba, a bar zubin har in dawo, ba zan wuce azahar ba." Ya ce, "Je ka abinka, Malam, sai ka ce kai ka haife ni." A ofis aka ce mai sa hannu ya fita, a jira. Da ya dawo aka ce na'ura ta tsaya. Ga cunkoson hanya. Ban shigo kulob ba sai bayan la'asar. Daga baya na ji cewa sau uku mudir yana leƙowa yana cewa yalla, yalla, a yi sauri, ina kayan, kuma Baba ba shi da amsar da zai ba shi wadda ba za ta tona shi ba.

Na tura ƙofar ƙarfen na tarar da kwali shida a jere a kan tebur, an rufe an manne. Baba yana zaune yana goge injin da tsumma. Na ce, "Baba, an leƙa?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Na leƙa."

Na san bai gani ba. Na san abin da ya kamata: in ɗauke kwalayen in ajiye gefe, mu kwance su ɗaya bayan ɗaya ko da za mu kwana biyu muna yi, mudir ya yi faɗansa ya gama. Amma yin haka daidai yake da in dubi aminin mahaifina, mai furfura, in ce masa ƙarya kake yi. A gidanmu ba a koya mini yadda ake faɗin wannan ba, bakina bai san hanyarsa ba. Na ce a raina ai hannunsa bai taɓa kuskure ba, ai shekara ɗaya da rabi ina leƙe ban kama fanko ba sai sau biyu. Sau biyun nan su ya kamata su tsayar da ni, amma sai na mayar da su hujjar wucewa. Na ɗauki kwalayen da hannuna na kai su kantar da ake ba masu harbi harsashi. Wannan tafiya daga ɗaki zuwa kanta taku ashirin ce ko ƙasa da haka, kuma har yau ina yinta a cikin kaina.

Washegari da safe ina shara a bayan layin masu harbi. Basudanen ya buɗe kwali na farko, ya cika bindigarsa, ya ɗaga mini gira yana murmushi. Shi harbinsa bibbiyu ne, da sauri. A gefensa wasu mutum biyu suna ta nasu, ga abin toshe kunne, don haka bai ji lokacin da harbinsa ɗaya ya yi ɗan ƙaramin tari maimakon tsawa ba. Ya sake jan kunama. Ƙarar da ta biyo baya ba irin wadda muka saba ji ba ce. Na ga bindigar a ƙasa, bututunta ya tsage, shi kuma ya durƙusa ya rungume hannun damansa a ciki, jini yana bin farar rigarsa. Bai yi ihu ba, sunan Allah kawai yake ta kira.

Kafin kowa ya je ya faɗa masa, Baba ya riga ya fito. Ta cikin ƙofar ƙarfe ya ji ƙarar, ya kuma san ma'anarta. Ya taho yana lalubar bango da tafin hannu, abin da bai taɓa yarda wani ya ga yana yi ba. Yana cewa, "Wa ya samu? Malam, wa ya samu?" Na ce Basudanen ne. Sai ya zauna a ƙasa a inda yake, cikin kwanson da ban gama sharewa ba.

Jami'ai suka zo kamar yadda doka ta ce, aka kwashe kwalayen, aka kwance su, aka sami wasu uku babu albarushi. Aka kira mu ofishin mudir. Tun a hanya na shirya abin da zan faɗa, cewa ni ne mai leƙe kuma ni na yi sakaci, wanda ai rabin gaskiya ne. Ina buɗe baki Baba ya ɗora hannu a gwiwata ya ce da Hausa, "Rufe mini baki, Malam." Ya juya wajen da yake jin numfashin mudir ya ce da Larabcinsa, "Ana ma ashuf." Ba na gani. Ya ce ya fi shekara ba ya gani, ya ɓoye, kuma ni ba na nan ranar da aka yi zubin. Bai faɗi wanda ya kai kwalayen kanta ba, ni ma ban faɗa ba.

Mudir ya zagayo ya dubi idon Baba, sannan ya kama kansa da hannu biyu. Ya ce, "Ya hajj, don me ba ka faɗa ba? Don me? Wannan aikin rabin awa ne. Mahaifiyata an yi mata, washegari tana karatun Alƙur'ani. Katinku yana biya. Da hutun sati biyu zan ba ka ka dawo." Ya juyo kaina ya ce, "Kai ma ka sani?" Na sunkuyar da kai. Duk abin da muka yi shekara ɗaya da rabi muna ɓoyewa, ashe da magana ɗaya zai wuce. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar a wannan ofis ba.

Basudanen ya rasa babban yatsa da rabin manuni. Muka je duba shi a asibiti, ina riƙe da hannun rigar Baba a fili, don yanzu ba sauran abin ɓoyewa. Muna shiga ya ce, "Ya hajj, ka zo ba shayi?" Baba ya matso bakin gadon. Ya roƙi a ba shi hannun. Ya riƙe shi a naɗe da bandeji, yana bin sa a hankali da babban yatsansa yadda yake bin harsashi, har ya kai inda yatsan ya kamata ya kasance. A nan ya fashe da kuka, kukan tsoho wanda ba shi da sauti sai girgizar kafaɗa. Basudanen ya ce abin da aka rubuta ne, ya yafe duniya da lahira, kuma ya sa hannun hagu a takardar yafewa don kada a tsare Baba. Ban san inda ake samun irin waɗannan mutane ba.

Yafewar ta hana ɗauri, amma ba ta hana sauran ba. Hukuma ta rufe ɗakin cikin harsashi, mai kulob ya ce a yi wa tsohon takardar fita ta ƙarshe. Mudir ya yi iya yinsa, bai samu ba. Sai ya ce aƙalla a yi masa aikin idon kafin ya tafi, katin yana da sauran wata guda. Baba ya yi godiya ya ce a'a, zai yi a gida. Na yi ta lallashinsa kwana da kwanaki, ya ce, "Malam, ka cika surutu, shi ya sa yara suka kore ka daga aji." Na ɗauka kunya ce, ba ya son ya ƙara cin wani abu na mutanen da ya jawo wa asara. Na raka shi filin jirgi, na damƙa shi a hannun wani ɗan gida da za su sauka tare. Abin da ya ce mini na ƙarshe shi ne in riƙa kai wa Basudanen shayi, tunda yanzu shi ne ba ya iya ɗauko tire.

Na ci gaba da shara. Ɗakin ƙarfe ya zama wurin ajiye kwali, kwanson da nake tarawa kuma wata mota ke zuwa ta kwashe. Na sa ƙanena da ke gida ya nemi asibitin ido a birni, aka ba da rana. Ranar ta zo, ƙanena ya je da mota har ƙofar gida, Baba ya ce yana jin zazzaɓi. Aka sake ba da wata rana, ya ce gonarsa na bukatar a tsaya a kanta, mutumin da ba ya ganin tafin hannunsa. Raina ya ɓaci. Wata Juma'a bayan masallaci, ina tsaye a Batha a gefen wani shagon waya, na kira shi da niyyar yau sai na faɗa masa magana, ko da aminin ubana ne. Kunyar nan ta riga ta ci yatsun mutum, ba zan bari ta ci idon wani ba.

Muka gaisa, na tambayi Inna matarsa da yara. Na ce, "Baba, wai me ake ciki ne? Aikin rabin awa fa. Sau biyu ana zuwa da mota." Sai ya ce, "Sun zo, Malam."

Na ce su wa, alhali na sani.

Ya ce, "Sati uku da saukata. Mutum biyu, da hantsi, ina zaune a zaure. Muryar ɗaya na gane ta, shi ne mai tambayar 'ya'yana. Suka ce sun ji maƙeri ya dawo daga Saudiyya da sabon ilimi. Na ce maƙeri ya dawo makaho. Ɗaya ya riƙa kaɗa hannu a gaban fuskata, ina jin iskarsa. Ya kunna fitilar waya ya buɗe mini ido da yatsa ya duba. Sannan ya ɗora mini bindiga a cinya."

Na ce, "Baba."

Ya ce, "Tun daga ƙarar da ta yi lokacin da ya ajiye ta na san abin da ke damunta. Aikin minti goma ne, ko ido ba na bukata. Hannuna har ya fara tashi da kansa, wallahi. Sai na tura hannuwana biyun ƙarƙashin cinyata na zauna a kansu. Na ce su ɗauke mini wannan abu, ban san gabansa da bayansa ba. Suka yi dariya suka ce Saudiyya ta cinye tsoho. Da za su fita, mai muryar ya ce in an yi mini aikin ido in aika musu, su ma za su zo barka."

Hayaniyar Batha tana ta gudana a kaina, wani yana tura ni da kwali, wani yana kiran fasinja. Sai a lokacin na gane a'ar da ya ce wa mudir. Tun a ofishin nan, tun kafin a yanka masa tikiti, ya riga ya lissafa abin da zai tarar a gida, ya kuma zaɓi abin da zai koma da shi. Duk maganar da na shirya ta zube. Na jingina da bangon shagon ina hawaye a gaban mutane, ban damu da wanda ke kallo ba.

Ya ce, "Ka gaya wa ƙanenka ya daina wahalar da motarsa. A bar mini idona yadda yake." Na ce to, Baba. Ya tambayi Basudanen, na ce ya koma aiki a kanta, ya koyi rubutu da hagu, kuma kullum ina kai masa shayi. Ya ce madalla. Sai ya ɗan yi gyaran murya, muryarsa ta sauya, ya ce autarsa ta haihu watan jiya, mace. Na ce na sani, an turo mini hoton a waya.

Ya ce, "Suna ta cewa wai ta ɗauko idon kakarta. Na shafa fuskar, hancin dai namu ne, amma ido yatsa ba ya faɗa. Mutanen gidan nan kuma daɗin baki gare su. Hoton yana wurinka?"

Na ce yana nan.

Ya ce, "To buɗe, Malam. Leƙa mini da kyau, kada ka yi sauri."